WA YA CE MARAR LAFIYA BA SHI DA HAƘƘI?



'Yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama bargon lulluɓe zalunci a asibitocin ƙasar nan, kuma abin takaicin shi ne ba azzaluman ne suke faɗarta ba, daga bakinmu take fitowa. Maganar ita ce: "Ƙaddara ce, mun bar wa Allah." A kai mace tana naƙuda tun la'asar, a bar ta a kan benci har asuba don ba a biya kuɗin kafin alƙalami ba, ta cika a wurin, dangi su ɗauki gawa su ce ƙaddara ce. A yi wa yaro allurar da ba tasa ba ƙafarsa ta shanye, a ce ƙaddara ce. A shiga da bawan Allah ɗakin tiyata ba a gaya masa abin da za a yanka ba, ya farka ya ga an raba shi da wani sashe na jikinsa, 'yan dubiya su cika ɗaki suna ba shi haƙuri, babu ko mutum ɗaya da zai tambaya: wa ya ba da izini?

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, wanda bai yi imani da ita ba imaninsa bai cika ba. Amma Ubangijin da Ya wajabta mana wannan imani Shi ne Ya saukar da hukuncin diyya da kaffara a kan kisan kuskure a cikin Suratun Nisa'i. Da "ƙaddara ce" tana rufe magana, da wannan hukunci bai sauka ba, tunda shi ma wanda aka kashe bisa kuskure kwanansa ne ya ƙare. To ina muka samo wannan sabon fiƙihu da ke cewa in dai farar riga ce ta yi ɓarna babu bincike, babu biya?

Don kada a ce shaci-faɗi nake yi, bari mu koma Kano a shekarar 1996. Ni ba a ma haife ni ba a lokacin, amma duk wanda ya tashi a Arewa ya ji labarin wannan shekara a bakin iyayensa. Annobar sanƙarau ta ɓarke a zamanin mulkin soja na Abacha, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe kusan 12,000, yawancinsu ƙananan yara. Ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a lokaci guda. Har Saudiyya ta rufe wa maniyyatan Nijeriya ƙofa a wannan shekara. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse, iyaye na kwance a tsakar gida da 'ya'yansu a cinya. A cikin asibitin akwai Turawan ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF, suna ba da maganin da aka riga aka sani, kyauta.

Ana cikin wannan hali sai ga wasu Turawan sun sauka daga Amurka, ma'aikatan kamfanin magunguna na Pfizer. Sun zo da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin hukumar magunguna ta ƙasarsu ba ta ba shi lasisin shiga kasuwa ba. Suka zaɓi yara kimanin 200 daga cikin layin marasa lafiya, suka raba su gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani don a gwada su biyun, amma shi ma sanannen an rage shi ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu da suka rayu sun tashi kurame, wasu makafi, wasu da shanyewar jiki, wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Bayan kamar mako biyu baƙin suka tattara takardunsu suka hau jirgi, alhali annoba na ci gaba da cin mutane.

Adalci wajibi ne ko a kan wanda kake ƙi, saboda haka ga abin da kamfanin yake cewa har gobe. Ya ce bai yi laifi ba. Ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma nakasa su, tunda cutar da ma tana yin haka, kuma yawan waɗanda suka mutu a hannunsa bai kai yawan masu mutuwa a annobar ba. Ya ce ya rage ɗaya maganin ne don a sauƙaƙa wa yara zafin allura. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki. To mun ji. Amma ina takardar amincewar? Ba a iya kawo ta ba. Iyayen kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi, babu wanda ya gaya musu cewa a cikin wannan asibitin akwai inda ake ba da maganin da aka tabbatar, kuma suna da ikon su ce ba sa so. Uwa da ɗanta ya sandare a hannunta, ta ga Bature da farar riga ya miƙo hannu, me kuke zaton za ta ɗauka in ba taimako ba?

Wannan shi ne zuciyar maganar. Ko da a ce maganin ya warkar da yaran 200 gaba ɗaya, an ci amanar iyayensu, domin ba a tambaye su ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ƙa'ida ce kafin a gwada magani a jikin ɗan Adam sai wani kwamitin kula da ɗa'ar aikin likita ya duba ya amince. Kamfanin ya gabatar da wata wasiƙa mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, wai daga irin wannan kwamiti na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen shekarar 2000 da farkon 2001, sai ta bayyana cewa a wancan lokacin asibitin ba shi ma da wannan kwamitin, an rubuta wasiƙar ne daga baya aka mayar da kwanan wata baya. Ba Bature ne ya rubuta ta ba, ɗan ƙasa ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama aiki a 2001, ya ce gwajin ya saɓa doka. Ina rahoton ya shiga? Aka jefa shi a durowa shekara biyar, sai a 2006 wani ya fitar da shi a ɓoye ya kai wa jaridar nan ta Amurka. Wato gwamnatinmu ta san abin da aka yi wa 'ya'yan talakawanta, ta zauna a kai, sai da jaridar ƙasar waje ta faɗa mana.

Shi kuwa maganin, hukumar Amurka ta ba shi lasisi a ƙarshen 1997, na manya kawai. A 1999 aka taƙaita amfani da shi a can saboda yana lalata hanta har ya kashe mutane, ƙasashen Turai kuma suka dakatar da shi. Ba a taɓa amincewa a ba 'ya'yan Amurka shi ba.

Yanzu ku lura da wannan, domin saboda shi na kawo labarin. Waɗanda suka fara motsa wannan ƙaton kamfani su ne iyayen yaran, talakawa waɗanda yawancinsu ba su yi boko ba, suka ƙi cewa sun bar wa Allah su koma gida su kwanta. Da taimakon lauyoyi suka shigar da ƙara a birnin New York a 2001. Aka kori ƙarar, suka ɗaukaka, aka sake kora, suka sake ɗaukakawa. A watan Janairu 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke cewa gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba laifi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma suna da ikon su yi shari'a. Kamfanin ya garzaya kotun ƙolin ƙasarsu, a 2010 ta ƙi sauraronsa. Gwamnatin Kano da ta tarayya ba su shiga kotu ba sai 2007, shekara 11 bayan faruwar abin. A watan Yuli 2009 aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 na waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 na ayyukan lafiya a jiha, miliyan 10 na kuɗin shari'a. Aka ce duk wanda zai karɓa sai an yi masa gwajin ƙwayar halitta. Sai a watan Agusta 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara 15 ke nan. Ku dubi rabon da kyau ku ga yadda fiye da rabin kuɗin ya bi ta wata hanya, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka, da iyayen nan sun yi shiru, da ko sisi babu, da ko sunan 'ya'yansu ba a sake ambata ba.

Akwai kuma wani bashin da wasu yaran daban suka biya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. A 2003, da aka fara raɗe-raɗin cewa akwai wani abu a cikin rigakafin shan inna, mutane suka gaskata nan take, kuma babbar hujjarsu ita ce abin da ya faru a Asibitin Zana. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yuli 2004. Bincike bai tabbatar da raɗe-raɗin ba, amma kafin a dawo cutar ta bazu, ta tsallaka har Sudan da Yaman da Indonesiya, ta gurgunta yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Sai a 2020 aka tabbatar an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar. Saboda haka kada wani ya karanta wannan rubutu ya ce na hana shi kai ɗansa asibiti ko rigakafi. Ka je, ka kai iyalinka, neman magani umarnin Manzon Allah (SAW) ne. Abin da nake cewa shi ne ka je da idonka a buɗe da bakinka a buɗe.

Masu ilmin boko za su ce maka wannan haƙƙi na a nemi yardar marar lafiya ya samo asali ne daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947, bayan shari'ar likitocin Hitler da suka riƙa yanka fursunoni da sunan bincike. Wataƙila a wurinsu haka ne. Mu kam a littattafanmu maganar ta girmi haka da fiye da shekara dubu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa a rashin lafiyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wafati a cikinta, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki, alhali ya yi musu ishara kada su yi. Suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane marar lafiya. Da ya farfaɗo sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin irin wannan magani, ban da baffansa Abbas wanda ba ya nan lokacin da aka yi. Ku duba fa, iyalansa ne, masu ƙaunarsa fiye da rayukansu, kuma alheri suke nufi. Duk da haka bai bar abin ya wuce ba. Kyakkyawar niyya ba ta ba ka ikon jikin wani.

Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah kuma sun ruwaito hadisin da ya ɗora biyan ɓarna a kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da ilminsa ba. Wannan ya hau kan mai shagon magani da ke ɗaura ruwa a bayan kanta, ya hau kan wanda ya yi shekara biyu yana share asibiti ya koma ƙauye ya zama "dakta", ya kuma hau kan mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika yana cewa kwalba ɗaya tana maganin cuta arba'in. Ibn Rushd, malaminmu na Malikiyya, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan likita in ya yi kuskure diyya ta hau, ya ba da misali da wanzamin da ya wuce wuri a wajen kaciya. In gwani ne, mafi yawan malamai suka ce danginsa na wajen uba ne za su haɗa diyyar, in kuwa ba ma'abocin sana'ar ba ne, daga aljihunsa za ta fito. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kasa masu magani kashi biyar, a ciki har da gwanin da ya yi aikinsa daidai amma ya yanka ba da izinin marar lafiya ko waliyyinsa ba, ya kawo maganar malaman da suka ce zai biya. A Bagadaza kuwa, a shekara ta 319 bayan Hijira, da wani ya mutu ta dalilin kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa taɓa marar lafiya sai Sinan bin Sabit ya jarraba shi ya ba shi takarda. Mutum ɗaya ne fa ya mutu.

A zamaninmu ma malamai ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta fitar da matsaya: sharaɗi ne a nemi izinin marar lafiya in baligi ne mai hankali, in ba haka ba a nemi na waliyyinsa, sai fa a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari. A kan bincike kuwa ta ce dole yardar ta kasance babu tilas a ciki kamar ta ɗan kurkuku, babu kwaɗaitarwa da abin duniya kamar ta matalauci, kuma ba a yin gwaji a jikin yara ko da waliyyansu sun yarda. Shekara huɗu ke nan kafin abin da ya faru a Kano. Shin a cikin masallatan Juma'armu guda nawa aka taɓa yin huɗuba a kan wannan? Muna jin huɗuba a kan ladan haƙurin marar lafiya, kuma gaskiya ce, amma huɗubar haƙƙinsa fa?

To mu zo ga dokar da su masu mulki suka rubuta da hannunsu, wadda ba sa son talaka ya san da ita. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 20 ya ce babu wani likita ko ma'aikacin lafiya ko asibiti da ke da ikon ƙin duba mutum a halin gaggawa bisa kowane irin dalili. Kowane iri. Rashin kuɗi dalili ne, rashin kati dalili ne, duk sun shiga. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Tarar abin dariya ce idan aka gwada ta da ran mutum, amma dai laifi ne a rubuce. Sashe na 23 ya wajabta a gaya maka abin da ke damunka, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowacce da haɗarinta da kuɗinta, da cewa kana da ikon ƙi, kuma gwargwadon iko a yi maka bayanin da harshen da kake ji, daidai da iliminka. Wato likitan da ya tsaya a kanka yana ta zuba Turanci da ɗalibansa, ya rubuta takarda ya wuce bai ce maka uffan ba, bai cika aikinsa ba. Sashe na 26 ya hana a fallasa sirrin ciwonka. Sashe na 32 ya ce ba a yin gwaji a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce bayan an yi masa bayani.

Sannan akwai dokar 2017 a kan wanda aka harba da bindiga. Ta ce kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, dole ya karɓe shi ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin kafin alƙalami ko babu, daga baya asibitin ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. A ƙasar da 'yan bindiga ke harbin mutane a gona da kan hanya kullum, mutum nawa ne a Zamfara da Katsina suka san da wannan? Har yau ana juya mota a ƙofar asibiti da mutum yana zubar da jini, ana cewa a je a kawo rahoton 'yan sanda. A ranar 31 ga Yuli 2018 kuma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12, a ciki har da ikon ganin fayil ɗinka da ikon a ba ka lissafin kuɗi dalla-dalla. An yi biki a Abuja, an ɗauki hoto. Mu da ke zuwa aikin agaji a asibitoci mun san a bango nawa muka taɓa ganin ta da Hausa, balle da ajami.

Kotun Ƙolin Nijeriya ma ta yi magana. A shari'ar Dakta Okonkwo a 2001, wata mata mabiyar ɗariƙar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta, likitan ya mutunta ƙin nata, ta rasu, kotun ladabtar da likitoci ta hukunta shi. Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Ba aƙidarta muke goyon baya ba, ƙarin jini halal ne a wurinmu. Amma in doka ta tsare wa wannan mata aƙidarta har bakin kabari, da wace hujja za a wulaƙanta Musulma don ta roƙi mace ta duba ta in akwai, ko don ta ce a ja labule? Sai dai wannan iko na kanka ne, bai wuce zuwa ɗanka ba. A 2019 kotun ta yanke cewa in iyaye sun ƙi a ceci ran yaro, kotu na iya ba da izini a kan ƙinsu, kuma matsayar Jidda ma ta ce ba a bin waliyyi in abin da ya zaɓa cutarwa ce bayyananna ga wanda ke ƙarƙashinsa.

Na san wani ɗan'uwa zai ce: mu da muke cewa wannan tsari ba na Allah ba ne, me zai kai mu kotunansu da dokokinsu? Amsa ita ce karɓo haƙƙinka daga hannun wanda ya danne shi ba mubaya'a ba ce. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya tsaya a fadar Najjashi ya kare Musulmi da hujja a lokacin da Ƙuraishawa suka biyo su Habasha. Manzon Allah (SAW) da ya dawo daga Ɗa'ifa ya shiga Makka ne a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im bin Adiyyi, wanda ba Musulmi ba ne, bisa al'adar da su Ƙuraishawan suka yarda da ita. In sun rubuta doka don su burge Turawa masu ba da tallafi, mu kama su da ita. Barin ta ba ya cutar da su da komai, mu yake cutarwa.

Mu ma akwai namu laifin, kuma ba zan tsallake shi ba don jaridar tamu ce. Mace na kan gadon haihuwa, likita ya ce sai an yi aiki yanzu-yanzu, ita ta yarda, sai a ce a jira maigida ya zo ya sa hannu. Maigida yana kasuwar ƙauye ko yana Legas, waya ba ta shiga, ko kuma ya zo ya ce shi a gidansu ba a haihuwa da wuƙa. Kafin a gama jayayya an rasa ɗa, wani lokaci har uwar. 'Yan'uwa, wannan jiki nata ne, amanar Allah ce a hannunta. Baliga ce mai hankali, a doka sa hannunta ya wadatar, a matsayar malaman ma izinin marar lafiya aka ambata, ba a ware mace ba. Shawara da miji abu ne mai kyau in akwai lokaci, amma ƙiwamar da Allah Ya ba ka ta tsare rayuwarta ce. Asibitin da ya tsaya jiranka da kai da ka hana, ku duka za ku amsa tambaya.

Kada kuma a bar jaki a daki taiki. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya masu tsoron Allah da ke kwana a tsaye, mutum ɗaya a kan ɗaki guda cike da gadaje, suna tiyata da fitilar waya, ana riƙe musu albashi, wasunsu daga aljihunsu suke saya wa marayu magani. Wanda ya mari nas don ɗan'uwansa ya rasu azzalumi ne shi ma, kuma ba haƙƙi ya nema ba. Asalin ɓarnar tana sama. A Abuja aka tara shugabannin Afirka a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba ko sau ɗaya. Me zai dame su? A 2017 shugaban ƙasa na lokacin ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, a shekarar ne kuma matarsa ta fito fili ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu. In na fada haka yake, ina ga na Ƙaramar Hukuma?

Saboda haka ga abin da ya rage gare mu. In ka kai marar lafiya, tambayi sunan likitan da ya duba shi, tambayi sunan ciwon da sunan maganin, ka rubuta ko da ajami ne, da rana da lokaci. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka adana kati da rasit da kwalin magani. In an ce wani sabon magani ne kyauta, tambaya kai tsaye: gwaji ne? In an cuce ku, a fara da kai kuka a rubuce ga shugaban asibitin, a riƙe kwafi. In likita ne, ana kai ƙararsa Majalisar Likitoci ta Ƙasa da takardar rantsuwa, kwamitin bincikenta ya duba, kotun ladabtarwarta na iya yi masa gargaɗi, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga rajista. Ita ba ta ba da diyya, neman diyya sai a kotu, kuma wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Kada a tsaya sai an yi sadakar arba'in an huta, domin akwai dokar tarayya mai kare ma'aikatan gwamnati da ta ƙayyade wata uku kacal don shigar da ƙara a kansu, kuma da ita lauyoyinsu suke fara fakewa.

Talaka shi kaɗai ba zai iya wannan ba, ana daka masa tsawa ɗaya zai ja da baya. Aikin jama'a ne. 'Yan'uwa masu zuwa dubiya asibitoci ranar Lahadi, ban da lemo da sabulu da muke kaiwa, a samu mutum biyu a kowace unguwa da suka san waɗannan sassa na doka da ka, waɗanda za a iya tasa da tsakar dare su tsaya a ƙofar ɗakin gaggawa su yi magana cikin ladabi ba tare da tsoro ba. 'Yan'uwa lauyoyi da likitoci da ke karanta wannan jarida su fassara mana sashe na 20 da na 23 da dokar masu harbin bindiga zuwa Hausa, boko da ajami, a takarda guda, mu kuwa mun ɗauki nauyin bugawa da rabawa a ƙofar masallatai bayan sallar Juma'a.

Wassalamu alaikum.